Baƙin Man da Maƙwabcina Ya Yi wa Kwalliya

Maƙwabcina direba ne, shekara ashirin da wani abu yana jan ƙaramar bas guda ɗaya. Muna ce masa Mai Bas, ita kuma motar na sa mata suna Kaka, don sai ta yi tari uku kafin ta tashi. Mitarta ta haura kilomita dubu ɗari huɗu. Ƙofar gefe da igiya ake riƙe ta, amma kullum da safe sai ya goge ta tas, har da tayoyi. Mutum ne mai tsafta da gudun abin kunya. Ko rigarsa ta yage, a goge take.

Hutun makaranta ya zo, ya ci burin ɗaukar jikokinsa uku ya kai su wurin tsohuwarsa, tafiyar yini guda. Uban yaran, wato surukinsa, injiniya ne a wani kamfanin janareto. Bai ce a'a ba, sai ya kawo 'yar kwalba.

"Baba, idan an zo juyen man inji a ɗiba mana kaɗan daga tsohon man. Akwai ɗakin gwajin da muke kaiwa, su gaya mana lafiyar injin. In ƙalau ne, ga yara nan."

Ranar juye ina zaune a dakalinsa ya dawo daga gareji da kwalbar. Baƙi ƙirin, kamar gindin tukunya. Bakina da ba ya gajiya na ce, "Maƙwabci, wannan za ka miƙa wa suruki? Ai ko asibiti za ka, kā yi wanka tukuna. Za su ce kwalta kake zuba wa Kaka."

Ya yi dariyar yaƙe ya shige gida. Ashe maganar ta zauna masa. Ya zubar da rabi, ya cike da sabon mai, ya girgiza har ya yi ja-ja kamar shayi.

Bayan mako biyu surukin ya zo da takarda. Aka kira ni, wai in zama shaida. Muka zauna a falo, fanka na juyawa, 'yarsa ta kawo ruwa ta tsaya bakin ƙofa. Surukin ya zauna a ƙasa ya shimfiɗa takardar a kan tebur.

"Baba, wannan layin ƙarfe ne, wato abin da injin ke ci daga jikinsa. Wannan tagulla, wannan dalma. Duk sun yi ƙasa sosai."

Na ce, "Ka ji! Kaka ta fi ni lafiya."

Bai yi dariya ba. "Abin da ya dame ni ke nan. Mun rubuta man ya yi kilomita dubu shida, su kuma sun ce bai yi kama da haka ba, kamar an gauraya shi da sabo. Kuma duk da haka sun ga alamar ruwan lagireto a ciki. In an gauraya, to ainihin abin ya fi wannan, sai dai ban san ninki nawa ba."

Mai Bas yana ta kallon yatsun ƙafarsa.

"Bakaniken da ya yi juyen ne," in ji surukin, yana laluben waya. "Ya manta bai ɗiba ba, ya haɗa mana wani abu. Bari in ji daga bakinsa."

Shekara goma sha biyar bakaniken nan yana kwanciya a ƙarƙashin Kaka. Wayar ta fara ƙara, sai maƙwabcina ya ɗaga hannu.

"Kashe. Ba ruwansa. Ni ne." Muryarsa ta yi ƙasa. "Rabi da rabi na yi. Na ga ya yi baƙi da yawa."

'Yar ta juya ta koma kicin. Surukin ya rasa inda zai sa idonsa, ya shiga ninke takardar yana warwarewa. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce, "Injiniya, raba laifin biyu ka ba ni kashi mafi tsoka. Ni na zuga shi."



Can surukin ya ce a hankali, "Baba, baƙin shi ne maganar. Shi suke karantawa."

Mai Bas ya jawo takardar, ya sa yatsa a layin ruwan. "Wannan, in an ninka shi biyu, me ke nan?"

"Gasket ne, abin da ke hana ruwa shiga cikin mai, ya fara yoyo. Motar tana iya kai ku, tana iya tsayawa da ku a daji."

 Mai Bas ya ciro makullin motar daga aljihu ya ajiye a kan tebur.

"Kada ka ba ni yaran. Kira bakaniken, ka ce gobe ya zo ya buɗe ta. Amma ni zan gaya masa dalili."