Zoben Ƙarfen da Teku Ya Bari a Tudu

Ka taɓa auna abu ɗaya sau dubu shida da ɗari uku, sannan wani ya sauka daga jirgi da hantsi, ya ce awonka banza ne, ya koma kafin yamma? Bolethe Zeeb ta taɓa.

A ƙauyenmu na arewacin Greenland aka haife ta, ƙauye mai mutum ɗari biyu da sha huɗu da karnuka ɗari uku. Tana da shekara ashirin da shida, tana yankan kifi a masana'anta, masu binciken ƙanƙara suka zo daga Kopenhagen neman mai dafa musu abinci a sansani. Ta je. Damina uku tana tafasa musu kofi a kan tudun ƙanƙara, tana kallon yadda suke kafa sanduna suna auna narkewa. Shugabansu, Dakta Torben, ya lura ta fi ɗalibansa iya karanta tef ɗin awo, don ita ba ta ƙara ko ta rage. Sai ya kafa mata sandar awo a jikin wani dutse a bakin teku, ya ce ta riƙa rubuta inda ruwa ya tsaya, lokacin cika da lokacin janyewa.

Kwana ɗari da hamsin teku ke buɗewa a shekara kafin ya daskare. Sau biyu a rana, shekara ashirin da ɗaya. Yi lissafin da kanka. Littattafai goma sha bakwai ta cika. Ta auna da tsohon ciki, ta auna ranar da aka binne mijinta.

Ƙanenta Aqqalu, masunci, ba ya wucewa bai tsokane ta ba.

"Yaya, a gaishe min da maigida dutse! Ya yi magana yau, ko har yanzu yana fushi?"

"Ya fi ka hankali. Shi bai taɓa komawa gida da kifi biyu yana ba mutane labarin ashirin ba."

Abin da littattafan suka nuna shi ne, teku a wurinmu baya yake ja. Santimita talatin da ɗaya ya sauka. Kuma ba sai da littafi ba: akwai zoben ƙarfe da kakanta ya kafa a dutse don ɗaure kwalekwale, daidai bakin ruwa. Yau daga bakin ruwa sai ka tako taku shida a kan busasshen dutse kafin ka taɓa shi. Dakta Torben ya taɓa yi mata bayani da katifa. Ƙanƙara nauyi gare ta, ta danne ƙasa kamar ƙato a kan katifa. Tana narkewa, ƙasa na ɗagowa. Ruwan kuma can yake tafiya ya ci gidajen mutanen nesa.

Sai maganar sabuwar tashar jirgin ruwa ta taso. Jirgin kaya ɗaya ke kawo mana gari da man fetur da magani, shi ne kuma ke kwashe kifinmu. Babu tasha mai kyau, babu ƙauye. Aka aiko wani injiniya mai suna Rasmus, ya tara mu a ɗakin taro. Aka cire takalma a bakin ƙofa, aka zuba kofi, ya shimfiɗa taswira mai shekara arba'in, ya nuna tsohon lungun da muke ɗaure kwalekwale.

"Nan za mu gina. Mun ma ɗaga ta sama, tunda teku na hauhawa."

Bolethe ta miƙe, ta dire littattafanta a kan taswirar, duka sha bakwai.

"A ina yake hauhawa?"

"Ko'ina a duniya, Mama. Kowa ya san wannan."

"Ni ba a ko'ina nake zaune ba, a nan nake. Zurfin lungun nan bai kai abin da takardarka ta ce ba. Ka matsa mita ɗari huɗu bayan tsauni, can akwai zurfi."

Ya ɗaga littafi ɗaya da yatsu biyu, ya ga tabon man kifi, ya yi murmushi.

"Aiki ne mai kyau, na sha'awa. Amma mu da alƙaluman hukuma muke aiki."

"Taku shida ruwa ya ja baya," in ji ta. "Sa takalminka, zo ka ga zoben kakana."

Aqqalu ya ce daga baya, "Ka je mana, Injiniya, dutsen ba ya cizo. Matarsa ce ke cizo."

Aka yi dariya. Shi ma ya yi, ya duba agogo. Jirginsa na tashi ƙarfe uku. Bai je ba.

Ranar ta kira Dakta Torben a waya. Ta ɗauka magana ta ƙare, don shi ya san gaskiya.

"Bolethe, kina da gaskiya, ko shakka babu."

"To rubuta musu. Layi uku ya isa."

"Ba zan iya sa hannu ba sai bincikenmu ya fito. Abokan aiki na tantancewa."

"Yaushe?"

"Shekara, ko da ɗan ɗoriya."

"Torben, na dafa maka abinci sau ɗari biyar. Ban taɓa ce maka ka jira abokan aikina su ɗanɗana ba."

Ta kashe wayar.

An gama tashar cikin wata goma sha ɗaya. Binciken ya fito a wata na sha huɗu, shafi ashirin da biyu, da sunayen mutum tara a sama. Alƙalumanta ne ƙashin bayansa. A shafin ƙarshe aka gode wa "wata mazauniyar ƙauyen".

Zuwan jirgi na farko, cikinsa ya goge dutse, har yara a makaranta suka ji ƙarar. Direban ya rantse ba zai sake shiga lungun ba sai ruwa ya cika maƙil. Yanzu cikin zuwa goma, shida a waje yake tsayawa, mu fita da kwalekwale mu yi jigila, buhu buhu, ganga ganga. A haka igiya ta cire wa Aqqalu yatsu biyu. Iyalai huɗu sun kwashe sun koma birni. Tashar na nan tsaye, doguwa, tsaf, tsuntsaye na kashi a kai.

Aqqalu ya daina tsokanarta. Wannan ya fi komai ƙona mata rai.

Tana cikin littafi na sha takwas yanzu. Ba wanda ya sa ta. Ta kwafe sha bakwai ɗin da hannu, ta aika wa hukuma sau uku, kuma ta ce za ta aika na huɗu, da hoton hannun ƙanenta a ciki.

Kai ma gwada. Nemi abin da kake wucewa kullum, ko rijiya ce, ko bakin kogi, ko gindin gada. Yi masa alama, ka auna gobe, ka rubuta kwanan wata. Ranar da wani ya zo da taswirarsa, kada ka tsaya gardama a ɗaki. Riƙe masa takalminsa, ka ce ba zai tafi ba sai ya taka ya gani.