Wai Injin Ya Ƙame

Shekarar da Baba ya rasu, motarsa ta yi wata huɗu a garejin wani makanike a unguwar Yelwa, nan Garuwa. Tsohuwar mota ce fara, 'yar Faransa, giyarta a jikin sitiyari. Da ita Baba ya yi ta kai atamfa kasuwar Mayo-Ulo tun ba a haife ni ba. Yayana ne ya kai ta garejin, shi ne kuma ya kira ni ranar wata Laraba ya ce injin ya mutu, gobe mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo ya ja ta.

Ko abincin rana ban tsaya ci ba. Na same ta a tsakiyar rana, taya biyu a sace, an jera mata kwanukan baƙin mai a kan bonet. Yaya na zaune a inuwa yana danna waya.

"Me ya same ta?" na tambayi makaniken.

"Ta gama, Malam. Injin ya ƙame."

"Ka buɗe ka gani?"

"Ba sai na buɗe ba."

Na sauke kwanukan da kaina, na ce ya ara mini batir mai caji. Ya kawo yana tsaki. Na murɗa makulli: ƙas, sau ɗaya, sai shiru. Na kunna fitilu na sake murɗawa, haskensu ko raguwa bai yi ba. In da injin ne ya ƙame, da demarer, wato abin da ke juya injin ya tashi, ya ja wuta har fitilun sun dusashe. Na sa sifana na juya injin da hannuna, ya juya lafiya lau. Na ɗiga fetur a kafireta, na ce Yaya ya zo ya riƙe makullin a murɗe, na ƙwanƙwasa demarer da ƙotar guduma. Ya yi gurnani, injin ya yi tari sau uku, ya kama.

'Yan gawayin da ke kai wuta a cikin demarer ne suka cinye, abin da bai kai tsawon yatsa ba. Wata huɗu! Makaniken ya sulale ya shige ƙarƙashin wata mota. Shi ban ma bi ta kansa ba.

"To ko ta tashi," in ji Yaya, "wa zai hau wannan akwala?"

A nan na gane bai taɓa son a gyara ta ba. Tun da nake ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar.

"Yaya, ka ce ba ka son ta mana! Don me za ka ce mini ta mutu?"

Na buga wa tayoyin iska, na ja ta gida ban kashe ta a hanya ba. Washegari na kwance demarer a tsakar gida na sa sabbin gawayi. Ni da Yaya kuwa, daga gaisuwa ba mu ƙara komai ba har bayan Babbar Salla.