Bin Sawun Surukina

Shekarar da wakilinmu na unguwar Jarwal a Makka ya makance, ina da shekara talatin da 'yan kai, ina wanzanci a bakin wani lungu da ke gangarawa Harami. Mu Takari, wato Hausawan da suka zo hajji suka zauna, ba mu da sarki a Makka, ba mu da hakimi. Wakili gare mu. Shi ke shiga gaban umda, mai unguwar Larabawa, shi ke shiga ofisoshin hukuma, ya faɗi tamu da Larabci, ya dawo ya faɗa mana tasu da Hausa. In an yi rasuwa shi ke karɓo izinin binnewa, in askari ya kama wani shi ake aika wa. A shekarun nan kuwa an fara matsa mana da maganar iƙama, takardar zama. Da an sauko daga hajji sai a shiga kame, duk wanda babu sunansa a takarda sai Jidda, sai jirgin ruwa, sai hayin teku. Saboda haka zaɓen wakili a wurinmu ba wasan yara ba ne.

Mutum biyu aka tsayar. Ɗaya wani malami ne mai sanyin jiki, in ka aike shi ofis da hantsi sai la'asar zai dawo maka da dogon bayanin abin da ya hana aikin yiwuwa. Ɗayan surukina ne, uban matata, mai sayar da carbi da turare. Shi dama ya daɗe yana zama ƙafar tsohon wakili, Larabci a bakinsa kamar a nan aka yanke masa cibiya.

Muna da wata al'ada, ban sani ba ko daga gida kakanninmu suka taho da ita ko a hanya suka tsince ta. Kafin a naɗa mutum sai an bi sawunsa. Liman zai zaɓi mutum guda ya shiga gidajen da ɗan takarar ya taɓa yi wa aiki, ya yi tambaya biyu. Aikin da aka ba shi ya gama? Da ya gama, ya faɗi yadda aka yi, ko akwai abin da ya rufe? Ran Juma'a bayan la'asar mai bin sawu ya tsaya gaban jama'a ya faɗi abin da ya gani. Sawun malamin aka ba wani maƙeri. Na surukina kuwa, ina cikin yi wa liman aski, askar na kan ƙeyarsa, sai ya ce ni ya zaɓa.

Na ce, "Haba, Allah gafarta malam! Uban matata fa? Mutumin da ko takalmi ba na wucewa da shi ta ƙofar shagonsa?"

Ya ce, "Wanzam, babu gidan da ba ka shiga, ko aski ko ƙaho ko kaciya. Kuma duk Jarwal an san bakinka ba ya da linzami. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ƙarasa mini askina."

Gaskiya ya faɗa game da bakina. Na taɓa gaya wa wani attajiri a gaban mutane cewa kansa na wari, kuma da gaske yana yi. Ina alfahari da wannan hali a lokacin, Allah Ya yafe mini.

Kwana huɗu ina yawo. Wallahi in dai maganar gama aiki ce, surukina ba shi da na biyu. Wani ya ce mahaifinsa ya rasu da walaha, kafin azahar an sallace shi a Harami an kai shi makwancinsa. Wata ta ce an kama mijinta a kasuwa, kafin tuwonta ya nuna ya dawo da shi gida. Gidaje da yawa suka ɗauko mini iƙamarsu a naɗe cikin tsumma, suna sa masa albarka. Amma in na zo tambaya ta biyu sai a yi mini dariya. "Yadda aka yi? Ina ruwanmu da yadda aka yi, Wanzam? Cewa yake ku bar mini, mu kuwa mu bar masa." Babu mai iya karanta rubutun magatakardan hukuma a cikinsu. Ni ma ba wani karatu gare ni ba, sai dai na yi allo, in na ƙura ido nakan tsinci sunaye.

Rana ta huɗu na shiga gidan wata dattijuwa mai tuyar ƙosai, can ƙarshen unguwa inda ɗakunan kwano da buhu suke jingine da dutse. Mijinta ya rasu a Sudan suna kan hanya, ita ta ƙaraso da 'ya'ya huɗu. Babbansu ɗan garuwa ne, magidanci da gemunsa, shi ke kawo mini ruwa shago kullum safiya. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta zuba mini shayi, ta yi ta yabon surukina har na gaji. Sannan ta ɗauko takardar gidan ta miƙo mini da hannu biyu. Na bi da yatsa. Sunanta, sai 'ya'ya uku. Na sake bi daga sama. Uku dai.

Na ce, "Inna, ranar da aka rubuta wannan, yaya aka yi?"

Ta ce surukina ya kai su ofis, su da mutane da yawa, kowa na jiran layinsa a rana. Da aka zo kanta, magatakarda ya ce ta faɗi 'ya'yanta da bakinta, surukina na fassara. Ta faɗi uku. Da aka zo kan ɗan fari ta ja mayafi ta rufe fuska. "Ka san dai ba zan kama sunan wancan ba, Wanzam, tun da na haife shi ban taɓa ba, balle a gaban maza. Shi Alhaji surukinka ai Bahaushe ne, ya gane. Na ji ya yi wa Balaraben magana da yarensu, aka buga hatimi." Ta yi murmushi, ta ce, "Lafiya dai ko?"

Na ce lafiya. Na naɗe takardar na mayar mata, na shanye shayin da ban ji ɗanɗanonsa ba, na fito.

Ban taɓa zuwa wurin surukina da magana ba sai ranar. Na same shi bayan la'asar yana jera carbi. Na tuɓe takalmi nesa, na durƙusa, na gaishe shi kaina a ƙasa. Sannan na ce, "Baba, takardar mai ƙosai suna uku ne a ciki."

Bai musa ba, wannan zan shaide shi da shi har gaban Allah. Ya ajiye carbin ya ce ya sani. Ya ce magatakardan nan ba ya rubuta sunan da uwa ba ta furta ba, ya tambaya ko akwai saura, ita kuwa ta rufe fuska. In ya tsaya yi wa Balarabe bayanin kunyar ɗan fari, mutumin zai zaci ana so a cusa masa baƙo ne, ya rufe littafi ya kori kowa, ga gidaje a baya suna jira tun asuba. Sai ya ce masa halas, shi ke nan, da niyyar ya dawo ya gyara. Da ya koma aka ce an rufe rajistar wannan karon.

Na ce, "Shekara biyu ke nan da rubuta ta, Baba. Ba a gaya mata ba."

Ya ce, "In gaya mata ta yi me? Ta mutu da baƙin ciki? Ka saurare ni. Wanda yake wakili yana da ƙofar da ɗan aike ba shi da ita. In aka naɗa ni, wata ɗaya ya ishe ni in shigar da shi. In ka tashi ran Juma'a ka buɗe baki, a naɗa wancan malamin, kai ka san ko shekara goma ba zai iya ba. To, zaɓi ya rage naka."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganarsa akwai gaskiya a ciki. Na koma gida na tarar da 'yarsa tana daka, tana waƙa, tana tambayata ko mutane sun faɗi alheri game da babanta. Na ce sun faɗa. Kwana biyu ɗan garuwan na kawo mini ruwa, yana tsokanata wai askata ta dakushe, ina amsa masa da dariyar yaƙe. Sau ɗaya har na kira shi ya juyo, sai na ce ya ƙara mini garwa ɗaya gobe.

Ran Juma'a aka taru a filin gaban masallacinmu. Maƙeri ya faɗi nasa: malamin a aiki goma ya gama uku, amma babu wanda bai san dalilin da nasa ya tsaya ba. Aka yi dariya. Sannan liman ya kira ni. Ya ce, aikin da aka ba shi yana gamawa? Na ce ban ga mai sauri kamarsa ba, na jero misalai, murya sama, jama'a na kabbara. Ya ce, "Akwai wanda ya rufe wa wani abu?"

Na sunkuyar da kai. Ni da bakina ba ya da linzami, na tsaya ina kallon yatsun ƙafata. Wani daga baya ya ce, "Kunyar suruki ce, malam, ku ƙyale shi, yabon ya yi masa yawa!" Aka sake fashewa da dariya. Liman ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Shiru ma magana ce," ya ɗaga hannu aka yi fatiha. Ban yi ƙarya da harshena ba, na daɗe ina lallashin kaina da wannan. Tir da irin wannan lallashi.

Aka naɗa surukina ana saura 'yan makonni hajji. Ya fara bin maganar, na gani da idona, amma da alhazai suka cika gari ofisoshi ba su da lokacin kowa. Aka ce sai bayan Arfa. Bayan Arfa kuwa kame ya riga gyara.

Ga inda abin yake ci mini tuwo a ƙwarya har yau. Duk wanda ya san ba shi da takarda, ya san yadda ake yi. Da an sauko daga Mina sai ya haye bayan duwatsu wurin makiyaya, ko ya lafe a ɗaki sati uku har ƙura ta lafa. Mutane da yawa haka suka tsira shekara da shekaru. Ɗan garuwa bai ɓoye ba, don me zai ɓoye? Da rana tsaka yana tafe da garwarsa a kafaɗa askari suka tare shi. Ya ce musu yana da iƙama, har yana murmushi, ya ce a je gida a gani. Shi da kansa ya jagorance su zuwa ɗakin uwarsa, ita da kanta ta ɗauko takardar ta miƙa musu.

Ina cikin yi wa wani ƙaho aka zo aka gaya mini. Na bar mutumin da ƙahonin a baya na ruga. Na tarar an riga an sa shi a babbar mota da wasu, matarsa na birgima a ƙasa. Uwar ta riƙe ƙarfen motar tana kiran sunansa da ƙarfi, tana maimaitawa, tana ce wa askari da Hausa ga shi nan ta faɗa, su rubuta. Tsofaffin matan unguwa suka kau da kai. Motar ta tashi.

Surukina ya bi su Jidda a ranar. Kwana shida ya yi can yana shiga yana fita, ya dawo ya rame, jirgi ya riga ya tashi. An ce an sauke su a gaɓar Sudan. Mutumin da ya bar ƙasar Hausa yana ƙaramin yaro, bai san kowa ba a hayin can. Wasiƙa ɗaya ta zo bayan shekara, daga nan ba a sake ji ba. Surukina ya yi shekara tara yana wakilci, ya yi wa mutane aiki mai yawa, kuma bai sake rufe wa kowa komai ba, na lura da wannan. Ni da shi ba mu taɓa tayar da maganar ba har ya rasu.

Mai ƙosan ce ta zo mini. Bayan kamar wata ɗaya da tafiyar ɗanta, da hantsi, ina wasa aska, sai na ga inuwa a ƙofar shago. Mace ba ta zuwa shagon wanzami, amma ta zo, ta tsaya daga waje. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, "Wanzam, ranar da ka sha shayi a ɗakina, na ga ka bi takardar da yatsa har sau biyu. Nawa ka gani?"

Na ce, "Uku, Inna."

Ta ce, "Na tambaye ka ko lafiya."

Na ce, "Kin tambaya."

Ta gyara mayafinta. Ta ce, "Shi Alhaji sauri ya yi, na bar shi da Allah. Kai kuwa a zaune kake, ba wanda ke jiranka a layi. Da ka ce mini uku, ina da 'yar'uwa a bayan dutse, da can na tura shi." Ta juya ta hau lungun a hankali, tana dafa bango. Ta ƙara shekara goma sha ɗaya a Jarwal tana tuya, kullum ta ƙofar shagona take wucewa zuwa Harami, kullum ina gaishe ta, tana amsawa.