Akuyar da Inna ke yi wa Fillanci

Gara in faɗi tun farko cewa ban fi shekara shida ba lokacin da wannan abu ya faru, kuma ba mamaki wani sashe daga bakin manya na ji shi har na ɗauka idona ne ya gani. Shekarar ma ban riƙe ta ba. Na dai san Turawa ba su daɗe ƙwarai da zuwa ba, don a ƙauyenmu na Dabawa wanda ya taɓa ganin Bature har kewaye shi ake yi a ji labari.

Mahaifina Bahaushe ne, malamin allo. Inna kuwa Bafillatana ce daga wata ruga a wajen Kurfi, ni ne kuma ɗanta na fari. Saboda kunyar ɗan fari ba ta kiran sunana, ba ta kallona ido da ido, ba ta yi mini magana. A ɗakin Kaka, mahaifiyar babana, na tashi, a wurinta na koyi Hausa, da safe kuma in biya allo a zaure. Fillanci ne bai sami ƙofar shigowa ba. Ga shi Kaka ta ce na yi jinkirin buɗe baki, kada a ƙara mini wani yare harshena ya harɗe.

Inna ba ta yi gardama ba, amma akwai abin da ke cin ta. Mahaifinta ya taɓa zuwa ya gaishe ni da Fillanci na yi masa zuru. Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa ba. Ya ce cikin raha ashe Kaɗo, wato Bahaushe, aka haifa masa, shi da wannan jika sai dai nuni da hannu. An ce Inna ta kwana biyu ba ta ci abin kirki ba. Ban gani ba, an ce ne.

Muna da wata akuya da ake ɗaurewa a gindin rumbu. Tun daga nan Inna ta kama hira da ita da Fillanci. Tana daka tana gaya mata sunan turmi da taɓarya. In ta dama fura sai ta ce wa akuya ga shi nan a ƙwarya, ni in je in sha. Ta ce akuya ta wanke hannu, in tashi in wanke. Ran da na yi dambe a zaure, akuya ce ta sha faɗa har la'asar, tana tsaye tana tuƙa abinta. Daga baya aka shiga gaisuwa: Inna ta yi tambaya ta dakata, ni in amsa daga bayan rumbu. In na yi kuskure sai ta maimaita daidai, ta ce akuyar nan ba ta da kai.

Kaka tana kallo. Wata rana ta ce, "Ke, akuyar ga ta kusa sauka. In ta sauke, wa za a yanka mata?" Inna ta sunkuyar da kai. Ina zaton Kaka ta gane tun da wuri, sai dai ba ta taɓa hana kowa magana da dabba ba. Da ta kai ƙara zaure, babana ya ce shi bai ga littafin da ya haramta ba.

Bayan girbi mahaifin Inna ya aiko zai zo kasuwar Kurfi kafin su wuce da shanu. Muka yi sammako ni da Inna da Kaka, Kaka a kan jaki, don ta ce ba za a kai mata miji ruga ba ta nan. Mun same shi a gindin wata bishiya, tsamiya nake gani. Ya durƙusa, ya dube ni, ya gaishe ni. Na ji kowace kalma sarai, amma sai na waiga baya ina neman wanda ake wa magana. Tun da na fara jin wannan yare ba a taɓa fuskantata da shi ba. Ya sake, na sake waigawa. Ya yi dariya ya girgiza kai. Inna ta juya mana baya tana gyara faifan da ba abin da ya same shi, don ba halin ta sa baki.

Kaka ce ta yi magana. "Kai Bafillace, kai ne ba ka iya ba. Juya ka gai da jakin nan."

Ya ɗauka tsiya take masa, har sai da ta kama hannun rigarsa ta nuna. Tsoho da furfurarsa ya fuskanci jaki, ya tambaye shi ko ya zo lafiya. Na ce, "Jam," wato lafiya. Ya tambayi jaki mutanen gida, na amsa. Ya tambaye shi ko tsohuwar nan na ba shi abinci, na ce tana ba ni, sai dai tana da faɗa. Mutane suka fara taruwa. Yana tambaya yana juyo da kai kaɗan-kaɗan, ban ankara ba sai ga mu muna kallon juna, ina ba shi labarin damben zaure.

Ya miƙe ya ce wa Kaka da gurguwar Hausarsa, "Wannan namu."

Ta ce, "Rabi dai."

Inna ba ta juyo ba, amma na ga kafaɗunta na rawa, ko dariya ce ko kuka ban sani ba.

Na yi karatu daga baya har kwaleji, duk da haka ba zan ce wannan dabara za ta yi wa kowane yaro ba. Ni dai harshena bai harɗe ba, gwargwadon sanina. Wasu dangin Inna sun ce ba a kasuwa aka yi ba, a bakin rijiya ne. Idan akwai wanda ya halarta, ko ya ji daga wanda ya halarta, ina roƙo ya aiko mini da gyara.