Maho a Hannun Baduku

Maigidana baduku ne. Da basillarsa ya zo Tamanrasset daga Damagaram, yana ɗinka wa Buzaye jakunkuna da kayan sirdin raƙumi a wata rumfa bakin kasuwa. Shekara uku ko huɗu bayan tafiyar Faransawa, risho ya fashe masa yana dafa shayi, wuta ta cinye fatar bayan hannunsa na dama. Wata biyu muna jinya, ciwon ya ƙi rufewa, yatsun suka fara lanƙwashewa.

Sai aka ce wani lokotoro, wato likita, mai fiɗa ya sauko daga arewa, zai yi mako uku a asibiti. Ni na zama tafinta, tunda na yi lekkol, makarantar boko, har kwaleji, ina jin Faransanci. Ya ce zai yanko fata siririya daga cinyar maigidan ya shimfiɗa a kan ciwon. In ta kama, yatsu sun tsira. In ba ta kama ba, hannun zai ƙandare. Na fassara wa maigidan. Shi kuwa fuskarsa ta washe.

"Au, ashe maho ne! Ce masa sana'armu ɗaya. Tambaye shi da wane zare yake ɗinki."

Ban tambaya ba.

Aka yi aikin lafiya. Sharaɗi guda lokotoro ya kafa: kwana bakwai kada a buɗe ɗaurin, kada a taɓa. Sau uku na maimaita wa maigidan da Hausa. Duk tsorona a kan alwala yake, don haka da limamin unguwarmu ya zo dubiya na roƙe shi ya gaya masa taimama ta isar. Maigidan ya karɓa ba gardama. Na yi hamdala, na saki jiki.

Kullum nakan kai masa tuwo da ɗan man shanu a gwangwani. Rana ta huɗu na ga man ya kusa ƙarewa. Na dubi ɗaurin, ya yi rawaya, kullin ma ba na masu jinya ba ne. Kulli ne tsaf, irin wanda yake yi wa bakin jaka. Da hagu da haƙori ya yi shi.

"Malam, me ka yi?"

"Ke ƴar lekkol, shekara talatin ina aikin fata. A iskar garin nan, fatar da ba ta sha mai ba tsagewa take. Mutumin ya iya ɗinki, ban hana shi ba, amma bai san gamawa ba."

"Murzawa ka yi?"

"To da? Ana shafa mai ba a murza ba?"

Na fita tsakar asibitin na yi ta istigfari, saboda abin da ya zo bakina bai dace da matar aure ba.

Da lokotoro ya kwance, fatar ta zame, ta yi baƙi. Ya yi ta faɗa da Faransanci har jijiyar wuyansa ta tashi. Maigidan ya ce, "Me yake cewa?"

"Ya ce Allah ya sawwaƙe."

"Duk wannan dogon zancen?"

Allah ya gafarta mini wannan fassarar. Kwanakin lokotoro sun kusa ƙarewa, sai da na yi kuka a gabansa kafin ya yarda ya yanko daga ɗaya cinyar. Kafin a shiga da maigidan na zauna kusa da shi na ce, "Malam, fatar da kake ɗinkawa matacciya ce. Wannan mai rai ce, dashe ce kamar na tumatir. Ka murza, ka tsinke mata saiwa." Ya ce, "Me ya hana ki faɗa haka tun farko?" Wato laifin ya dawo kaina.

Wannan karon filasta aka ɗora masa har gwiwar hannu, ni kuma na tare a gefen gado, tuwo ba mai. Fatar ta kama. Amma jinkirin ya ci ƙaramin yatsa da na kusa da shi, ba su sake miƙewa ba. Da ukun da suka rage ya koma rumfa yana riƙe basilla. Zura zare ne ya gagare shi, sai ni nake zura masa allurai goma kowace safiya, yana tsaye a kaina yana cewa ban iya ba.