Kunnen 'Yata na Hagu

Na daɗe ina aikin malamin dabbobi a Dutse, iyalina kuwa suna Miga, a gidan da mahaifinmu ya bar mana. Ranar Litinin da sassafe nake hawa babur in bi ta Jahun da Kiyawa, sai Juma'a bayan an sauko daga masallaci in kamo hanyar gida. A Dutse ɗaki ɗaya nake haya. Aikin rabinsa ofis ne, rabinsa yawon rugage: allurar rigakafi, duba kofato, ba da maganin tsutsa. Cikin shanu na tashi, saboda haka bai taɓa yi mini nauyi ba.

A shekarun farko, abin da na ɗauka aikin uba ke nan shi ne in dawo Juma'a da ledar burodi da lemo, in leƙa rumbu in ga akwai gero. Asabar in tafi gona ko ɗaurin aure, Lahadi in wanke babur in huta. Yara su zo su durƙusa su gaishe ni, in ce yaya karatu, su ce lafiya lau, su tashi.

'Ya'yana uku ne a lokacin, duk mata. Ta tsakiyar tana da shekara bakwai. Wata Juma'a ina cin abinci sai maiɗakina ta ce, "Malam, yarinyar nan fa ba ta ji."

Na ɗauka taurin kai take nufi. Na kira yarinyar na yi mata faɗa, tana tsaye tana kallon bakina tana gyaɗa kai. Haka aka yi sau uku ko huɗu cikin 'yan watanni, kullum faɗa nake yi in ci gaba da abin da ke gabana.

Da damina ta yi nisa, wani bijimi ya taka mini ƙafa a wata ruga kusa da Kiyawa. Ƙafar ta kumbura har takalmi ba ya shiga, shugabanmu ya ba ni hutun mako guda. Rabona da in ga gidana a ranar Talata har na manta. Na shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, na miƙe ƙafa, ba ni da aiki sai kallo.

Da yamma yarinyar tana wanke-wanke, mahaifiyata ta kira ta daga ƙofar ɗakinta, wanda yake ta hagun yarinyar. Sau uku Inna tana kira, ko motsi ba ta yi ba. Can sai akuya ta ture kwano ta damanta, nan take ta waiwaya. Da ta gama ta zo wurina, sai na ga ta zagaya ta bayana ta zauna a hagu da ni, alhali ga wuri a buɗe a dama. Ashe kunnenta na dama take son ya fuskance ni.

Na sunkuya na raɗa mata a kunnen hagu, "Kina son alewa?" Shiru. Na juya ta na raɗa a na dama. Ta yi dariya ta ce, "Ina so, Baba."

Na sa aka miƙo mini tocilan da nake duba kunnen maruƙa da ita. Ina haskawa na ga busasshen ruwa ya daskare a ciki, ga wari. Na kira mahaifiyarta na ce tun yaushe.

Ta ce, "Tun zazzaɓin da ta yi kafin babbar Sallah. Ai na gaya maka, Malam."

"Cewa kika yi ba ta ji."

"To me zan ce? Ranar da na ce maka kunnen yana ruwa, kana ɗaure kaya a babur. Ka ce a karɓo magani a kemis a ɗiga mata. An ɗiga, ruwan ya tsaya, jin ne bai dawo ba."

Ban tuna ranar ba, amma na san ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba. 

Washegari muka shiga mota zuwa Dutse, ni da yarinyar, ina ɗingishi tana riƙe da jakata. Likitan ya duba ya ce dodon kunnen ya huje, kuma ciwon ya daɗe. Ya ce a kiyaye kada ruwa ya shiga, jin zai ɗan dawo amma ba duka ba. Ya tambaye ni wane aiki nake yi. Na faɗa masa. Ya ɗago ya dube ni, ya mayar da kai ya ci gaba da rubutu a kati.

Kwana uku muka yi, don an ce mu koma a sake wanke kunnen. A ɗakina muka sauka. Ta tsaya a bakin ƙofa ta kalli katifa, da risho, da bokiti, ta ce, "Baba, nan ne gidanka na Dutse? Wa yake yi maka tuwo?" Na ce ni nake dafa taliya. Ashe ita da 'yan'uwanta sun ɗauka a gidan bene nake zaune. A kwana ukun nan na ji labarin da ban ji a shekara bakwai ba: sunan ƙawarta, da yadda malamarsu ta mayar da ita bencin baya don ba ta amsa tambaya, da cewa tana tsoron tsallaka kwalbatin hanyar makaranta in an yi ruwa.

Akwai wani dattijo masinja a ofishinmu, ya kusa ritaya, shi ma iyalinsa suna Ringim. Da ya ga yarinyar zaune a benci da auduga a kunne, ya tambaye ni, na ba shi labari.

Ya ce, "Malam, ni ma na yi irin wannan, nawa ma ya fi muni. In ka isa gida, kada ka fara da rabon tsaraba. Cire takalmi ka zauna. In uwargida ta kawo magana, ka bari ta kai ƙarshe, sannan ka tambaye ta me take nufi. Kuma kada ka yarda a gaya maka abu mai muhimmanci ranar Litinin da safe, hankalinka ya riga ya tafi. Ka nemi maganar tun Asabar."

Na ce, "Na gode, Baba."

Da muka koma Miga na je makarantar da kaina, karo na farko. Malamar ta ji kunya, ni ma haka. Aka dawo da yarinyar bencin gaba, ta gefen da kunnen dama zai fuskanci allo. Na daina fita ranar Asabar sai hantsi ya ɗaga. Ranar Laraba bayan la'asar nakan buga waya, kowace yarinya ta karɓa ta yi nata zancen, ko da na kaza ce da ta ƙi kwanci. Ba kowane mako nake cikawa ba. In aikin rigakafi ya taso, sai in yi mako biyu ban kira ba.

Yanzu tana ƙaramar sakandare. Kunnen ya warke, amma sai an ɗaga murya take ji da shi.

Kwanan baya aka turo mana sabon ma'aikaci daga Garki, yana da mata da 'ya'ya biyu a can. Da ya zo neman shawara kan ɗakin haya, na nuna masa unguwa, sannan na ce ya riƙa neman izini lokaci-lokaci ya je gida a ranar aiki, ya ga yadda gidan yake in ba a shirya wa zuwansa ba. Ya ce shugaba ba zai yarda ba. Na ce ya tambaya tukuna. Aka ba shi wata Alhamis. Da ya dawo ya ce mini ya raka babbar 'yarsa makaranta, ya tarar ashe ita ce take jan baitin taron safe a gaban ɗalibai duka, kuma ta kusa shekara tana yi.