Bangon da Ke Kallon Gabas

Masana sun cika littattafai da labarin yaƙe-yaƙen Zazzau, da ginin ganuwa, da sarakunan da suka zo suka shuɗe. Na karanta daidai gwargwado, har na koyar da wasu a aji. Amma a ganina, tun da aka kafa birnin nan ba a taɓa tsara wata tafiya da zurfin tunani kamar wadda na tsara a wani hutun Disamba ba, can wajen ƙarshen shekarun tamanin, don in kai wani tsoho ya kalli bango. Ko sunana zan manta, ranar nan ba za ta fita daga raina ba.

Tsohon hedimastanmu ne na firamare, mazaunin Wusasa. Asalinsa ɗan cikin birni ne, yana yaro aka kai shi makarantar mishan, a can ya girma ya yi iyali. Mahaifinsa magini ne, shi ya yi adon fuskar wani tsohon gida kusa da kasuwa, gidan da hotonsa ya zaga duniya a jikin katin gaisuwa. Rannan na je gaishe shi, ya sa aka ba mu wuri.

"Likita ya ce idon nan ba zai dawo ba," in ji shi. "Ɗan abin da ya rage kamar leƙe ne ta kafar makulli, ita ma rufewa take yi. Ina so in ga aikin babana sau ɗaya. Amma ban yarda a gan ni ana ja na ba."

Mutumin da ya kan hango mai cin gyaɗa a bencin ƙarshe yana rubutu a allo, shi ke faɗin haka. Na ce, "Malam, an gama."

Matsalar biyu ce. Gidan gabas yake kallo, sai da hantsi rana ke haska shi yadda ido mai rauni zai kama wani abu. Sannan lokacin baƙi ne. Turawa masu hutu suna zuwa mota-mota daga Kaduna, ga ɗaliban zane daga jami'a, ga yaran gari suna bin kowa. Mai lafiyar ido ma sai ya yi ɗage kafin ya ga rabin bangon.

Sai na zauna na yi nazari irin na shugaban yaƙi. Ba za mu bi babban titi ba. Za mu shigo ta Ƙofar Kuyambana, mu ajiye Vespa a gidan wani abokina, mu bi lunguna mu ɓulla gefen gidan kafin motocin baƙi su iso. Zan riƙa tafiya gabansa kaɗan kamar muna hira. In na yi gyaran murya, kwata ce, ya ɗaga ƙafa. In na ce "haka ne," kwana za a sha. Har gwaji muka yi a tsakar gidansa.

Abin da nazarina bai hango ba shi ne, a titi mutum baƙo ne, a lungu kuwa ɗan wani ne.

Ba mu yi nisa ba wani tela ya tsayar da kekensa ya fito a guje ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ba ka gane ni ba? Ni ne wanda ka ce kaina ya fi dacewa da ɗaukar tulu."

"Na ji muryar," in ji Malam. "Ya tulun?"

"Yana ciyar da 'ya'ya bakwai, Malam."

Ba yadda za a yi a wuce. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa, aka tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Da muka tashi tela ya ce zai taka mana. Wanda duk ya san rakiyar mutanen birni ya san ba ta da iyaka sai inda aka roƙi mai ita ya koma. Zaure na gaba na wani malamin allo ne da suka yi wasan ƙasa tare da Malam. Na bayansa na wani ne da Malam ya taɓa rubuta wa takardar neman aiki. Kowane zaure ya ci mana lokaci, ya kuma ƙara mana mutum biyu ko uku. Ni kuwa ina gaba ina ta gyaran murya, don kwatocin lungun ba su ƙirguwa, har wani dattijo ya miƙo mini citta ya ce in tauna, kada tarin ya sauka ƙirji.

Ina kallon inuwa tana gajarcewa, Malam ma yana jin zafin ranar a wuyansa. Ya raɗa mini, "Hantsi ya wuce ko?" Na ce da saura. Ya san babu saura.

Gidan da ya gama da mu na taubashiyarsa ne, wata tsohuwa mai baki kamar reza. Tun daga soro ta fara.

"A'a, ɗan mishan, yau an tuna da dangi? Ko hanyar coci ce ta ɓace maka?"

"Na zo in ga ko kin yi hankali ne, Hajiya."

"Ka ga? Da me?" Ta dube ni. "Kai ɗan nan, daina tarin nan haka, ka kama hannunsa. Tun bara a gidan suna ya tsaya ya gai da turmi, har da tambayar ya yara. Muka yi shiru don girmansa."

Na dubi fuskokin masu rakiya, babu wanda ya yi mamaki, kowa ƙasa yake kallo. Sai Malam ya ce, "Turmin ya fi ki amsa gaisuwa da ladabi." Aka bushe da dariya, shi ma ya yi, sannan ya miƙo mini hannu.

Sai da muka yi sallar azahar, shi yana jiranmu a kan tabarma, sannan muka isa. Mu da muka fito don gudun taro, muka ɓullo da ayari kamar masu kai amarya. Rana ta koma bayan gidan, bangon duk inuwa. Na tsayar da shi daidai tsakiya. Ya ɗaga kai, ya juya dama, ya juya hagu.

"Ban ga komai ba," ya ce, a hankali, kamar mai ba da amsar da ya san ba daidai ba ce.

Hajiya ta dubi masu rakiya. "To ku tsaya kuna kallonsa. Babu mai madubi a garin nan?"

Tela ya ruga ya ɗauko dogon madubin shagonsa, wani wanzami ya kawo nasa. Aka tsallaka titi aka tari rana da su, aka jefa hasken a jikin bango. Ba duka ya haska ba, ɗan fili ne kamar faɗin faifai, daidai da abin da idonsa zai iya ɗauka. Suka riƙa tafiya da hasken sannu a hankali, yana binsa, yana ba da umarni kamar a aji. "Sama kaɗan. Tsaya nan. Dagi ne wannan. Ga takobi." Da hasken ya sauko ƙasa ta gefen ƙofa, ya faɗa kan wani keke da aka zana da laka, sai ya matsa kusa har hancinsa ya kusa taɓa bango.

"Kun ga ƙafar baya ta fi ta gaba girma? Ni na yi ta. Babana ya duba ya ce a bar ta, wata rana zan zo in ji kunya." Ya shafa ta da tafin hannu. "Ga shi na zo."

Hajiya ta juya tana gyara mayafin da ba abin da ya same shi.

Kafin damina idon ya rufe gaba ɗaya. Daga nan bai ƙara jin nauyin a riƙe masa hannu ba, har ya kan zaɓi wanda zai riƙe, ya kori mai sauri.

Abin da na koya shi ne, mai son ɓuya ya shiga cikin baƙi, don su ne ba su damu da shi ba. Wanda kuma ya bi ta cikin nasa, zai tarar sun daɗe da sanin abin da yake ɓoyewa, suna rufa masa ne kawai har ranar da zai buƙace su. Na sha faɗa wa ɗalibaina wannan, da murya irin ta wanda ya sha wahala kafin ya gano gaskiya.

Daga baya mai gidan da muka je kallo ya gaya mini motar da za ta kawo baƙi ranar ta lalace a hanya. Tun safe har azahar ba kowa a ƙofar gidan sai akuya ɗaya.